Mannir da Ƙwai na Ɗari

A wani ƙauye da ke bayan Dayi, inda motocin Malumfashi ke rage gudu saboda masu tallar dafaffen ƙwai, an yi wani magidanci ana ce masa Mannir. Tun yana ɗan shekara tara aka kai shi Funtua, can ya girma, can ya yi zaman shagon caji har shagon ya rufe. Da ya dawo gida abu biyu ya zo da su, waya mai faɗin fuska da kuma baki. Wayar takan mutu in caji ya ƙare. Bakin kuwa ba wanda ya taɓa jin ya mutu.

A cikin wayar akwai wani wasan gem da ya tafi da hankalinsa tun saukar ruwan fari. Wani ɗan akuya ne mai jan wando, da jaka a baya, yana tsalle daga dutse zuwa dutse yana tsintar ƙararrawar zinariya. Kowace ƙasa ya shiga akwai ƙararrawa ɗari a ɓoye, wata a kan bishiya, wata a cikin tukunya, wata a bayan bango, kuma ƙofar gaba ba ta buɗewa sai ya tara. Sabon wasa ne, amma da gangan aka yi masa kama da irin na da, wanda su Mannir suke leƙe ta tagar gidan gem suna yara.

Wata Talata da safe yana zaune a teburin mai shayi, ya ɗaga wayar sama don kowa ya gani.

"Ku dubi launi, jama'a. Ku ji kiɗa. Ba harbi, ba jini, ba ya cin data. Liman ma zai iya zama ya kalla."

Awaisu ɗan acaɓa, abokinsa tun na ƙuruciya, ya kurɓi shayi ya ce, "Jiya na ji kana zaginsa."

"Ba shi na zaga ba, kamarar na zaga. Mutum ya zo bakin rami zai yi tsalle, sai ta juya ta nuna masa bango."

"Shekaranjiya fa?"

"Wannan surutu ne. Akwai wani tsohon kunkuru a ciki, duk inda ka juya sai ya tare ka da bayani, ba Hausa ba, ba Turanci ba, gwalan-gwalan kawai. Amma da maganinsa. Ka danna nan, ka wuce abinka."

Baba Baƙo, wani dattijon Bamaguje da gonarsa ke bakin ƙorama, ya tsaya da fartanya a kafaɗa yana leƙen wayar.

"Wannan ɗan akuyan na wane ne?"

"Ba na kowa ba ne, Baba."

"Shi ya sa. Da yana da ubangida da an ɗaure shi, damina ce. To abin da yake tsinta, ci yake yi?"

"Tarawa yake."

"In ya tara?"

"A buɗe masa ƙofa."

"Me ke bayan ƙofar?"

"Wasu ɗarin."

Baƙo ya gyara fartanyarsa. "Kala ke nan. Mata suna yi in an cire gyaɗa, su kuwa har ƙuli-ƙuli suke samu."

Aka kwashe da dariya. Mannir ya miƙe tsaye, ya buga ƙirji har shayinsa ya zube.

"Ku yi dariya. Ƙasa huɗu na gama, ɗari bisa ɗari, ko ɗaya ban bari ba. Wasan nan ya buɗe mini ido. Yanzu duk abin da aka ɓoye a bayan ƙasa, in na taka wurin sai na tono shi. Daga nan har Musawa babu mai idona."

Allah da ikonsa, a ranar abin gwaji ya samu. Ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Laraba, ta taka ƙaya ƙafarta ta kumbura, kwana goma sha biyu ba ta taka ƙasa ba. Tana da zabbi goma sha huɗu, su ne hannunta su ne ƙafarta, kuma zabbi ba a gida suke ƙwai ba, a daji suke haɗa gurbi ɗaya su ɓoye shi. Kajinta biyu sun fara neman kwanci, in ba a samo ƙwan an sa musu a makon nan ba, bana babu 'ya'yan zabbi a gidan. Tana cikin gaya wa Sakinatu, matar Mannir, ta aika a kira mata matar Baƙo ta ɗebo mata ƙwan, sai ga shi ya yi sallama.

"Matar Baƙo? Ina raye? Gwaggo, ki kwanta ki huta. Ƙwai ɗari cif zan ajiye a gabanki kafin la'asar ta yi sanyi."

"Wa ya ce maka ɗari nake so? Zauna in gaya maka yadda ake yi. Gurbin yana wajen gamban nan na bayan ɗorawa. In ka je, kada ka kuskura ka..."

Mannir ya ɗaga babban yatsa a iska ya danna. "Ƙit."

"Me kake yi haka?"

"Na wuce bayanin, Gwaggo."

Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa. "Manniru, in ka ɓata mini zabbi fa?"

"In zabuwa ɗaya ta yi ƙorafi, ki karɓi wayar nan ki riƙe har a ɗaure dawa. Na faɗa, ban janye ba."

"Na zama shaida," in ji Sakinatu da sauri, "har na fara addu'a."

"Wace addu'a?"

"Ta alheri mana, Malam."

Ya shiga ɗaki ya fito da jan wandon ƙwallo da jakar baya. Sakinatu ta karɓi jakar ta zuba dusa har rabi don kada ƙwan ya fashe, sannan ta biyo shi zaure da wani ludayi mai dogon hannu.

"Gwaggo ta ce ka tafi da wannan."

"Fura zan sha a dajin?" Ya rataye ludayin a jikin danga ya wuce.

Da Sakinatu ta koma, Gwaggo ta ce, "Ai dai ya san ba a taɓa gurbin zabuwa da hannu ko? Da ludayi ake ɗauka, a bar musu uku ko huɗu. In suka ji warin hannu, ko suka tarar da wayam, sun bar wurin ke nan."

"Gwaggo, mutumin da ya tambaye ni ko zabuwa tsohuwar kaza ce?"

Gwaggo ta ja carbinta.

Shi kuwa Mannir sai da ya biya tasha ya ɗauko Awaisu, ya sa shi ya jingine babur, ya danƙa masa wayar.

"Kai ne kamara. Taku uku a bayana, kada ka ƙara kada ka rage. Duk abin da na yi ka ɗauka, mutanen Funtua su gani."

"Ni da gemuna?"

"Kamara ba ta magana."

Suka shiga gonar masarar Baƙo. Kowa a kwari yake bi, Mannir ya ce ƙwararru ba sa taka ƙasa, ya dinga tsalle daga kunya zuwa kunya yana cewa "hop, hop", masara tana kwantawa a bayansa. Wasu mata da ke cirar ciyawa suka miƙe suna riƙe da ƙugu.

"Lafiya, mijin Sakina? Maciji ne?"

"Aiki nake, ku ba ni hanya."

"Allah ya ba da lafiya," in ji ɗaya, da gaske kuma take.

Suka iso ƙorama. An yi ruwa shekaranjiya, ta kawo har gwiwa, ga wurin tsallakawa can ƙasa kaɗan inda aka jera duwatsu. Awaisu ya nuna masa. Mannir ya girgiza kai.

"Wannan hanyar koyo ce. Akwai tsalle mai hawa biyu. In ka tashi, kana sama sai ka sake yin wani."

"A kan me za ka taka?"

"A kan ƙwarewa."

Ya ja da baya, ya zo da gudu, ya tashi. Hawa na farko ya yi kyau, gaskiya. A hawa na biyu ne ƙafafunsa suka yi ta tuƙa keke a iska, sai ji aka yi tinjim. Ya fito da laka har cikin kunne, takalmi ɗaya ya bi ruwa.

"Ka ɗauka? Tashin dai, ka ɗauki tashin?"

Awaisu ya duba wayar. Jakin wani ne a ciki yana kaɗa wutsiya, da muryar Awaisu yana tambayar mai jakin ya jikin tsohuwa.

"Surukina ne ya zo wucewa, in ƙyale shi?"

"Kai da kamarar gem ɗin nan uwarku ɗaya ubanku ɗaya!"

Da suka hau tudu, Mannir ya ɗaga kai ya hango tukunya a kife a reshen ɗorawa, an ɗaure ta da igiya an shafe bakinta da kashin shanu. Idonsa ya yi haske.

"Ka gani? Duk tukunyar da aka ajiye a sama, da abu a ciki."

"Da abu kam," in ji Awaisu, yana ja da baya. "Amyar zumar Baba Baƙo ce."

"Sunanta bai dame ni ba. Taku uku na ce."

"Daga nan ma tana ɗauka."

"Zabuwa tana da fiffike ko ba ta da shi? To me zai hana ta hau?"

Ya cije jaka ya hau, ya karyo busasshen reshe, ya ɗaga ya maka wa tukunyar. Ta tsage. Abin da ke ciki ya fito gaba ɗaya, kuma ba ƙararrawa ba ce. Saukowar Mannir ba a ga yadda aka yi ta ba, don abin da kamara ta ɗauka sararin sama ne, da ƙafafun Awaisu, da salati iri-iri. Mannir ya yanka cikin gamba yana marin kansa, ƙudan zuma na biye, har ya yi tuntuɓe ya faɗi rub da ciki. Sai ga zabbi sun tashi fir daga gabansa suna ihu kamar an shigo gari da yaƙi.

Ya ɗago kai. Idon hagu ya riga ya rufe, leɓe ya yi kamar an hura. Da ido ɗayan da ya rage ya ga gurbi a gindin gamba, cike da ƙwai masu ɗigo-ɗigo.

"Awaisu! Zo ka ɗauka! Ka ga hikimar? Tukunyar ce mabuɗin. Sai ka fasa ta hanya take buɗewa."

Awaisu ya iso yana haki, da kumburi biyu a wuya. Mannir ya zuba hannu biyu yana kwasa yana binnewa a dusa. Arba'in da shida. Da ya gama ya shafe gurbin da tafinsa, ya tona da yatsu ko akwai na ɓoye a ƙasa, ya ciccire ciyawar da ta rufe shi don haske ya shiga.

"Mutumina, ka bar musu ko uku. Haka na ga tsofaffi suna yi."

"Shi ya sa tsofaffi ba su taɓa gama ƙasa ko ɗaya ba."

Daga nan abin ya zama kamar an buɗe masa ƙofa da gaske. A bakin gonar Baƙo suka ga wani zabo tsaye shi kaɗai a kan suri yana gadi, suka leƙa ƙarƙashin sabara, ga wani gurbin, talatin da takwas. Awaisu ya ce waɗannan zabbin ba su yi kama da na Gwaggo ba. Mannir ya ce ƙwai ba ya da lamba. Suka zagayo bayan gari, ya leƙa ta ɓular dangar Lami mai ƙosai ya ga akurki, kaza a kwance ta baje fiffike. Ya zura hannu, ta sassare shi, ya jure. Goma sha biyar, da ɗuminsu.

"Ka ji ɗumi? Sababbi ne, yanzu aka yi su."

"Kaza ce fa a kai."

"Mai gadi ce. Kowane abu mai daraja da mai gadinsa."

Suka zauna a inuwa ya ƙirga. Tasa'in da tara. Ya sake ƙirgawa daga ɗaya gefen. Tasa'in da tara.

"Alhamdu lillahi, mu tafi gida," in ji Awaisu.

"Gida? Da tasa'in da tara? Ka san abin da kake faɗa kuwa? Gara mutum ya samu goma. Mai goma yana barci."

Aka kira azahar, suka wanke laka a ƙorama suka yi salla, Awaisu ya daɗe a sujada yana roƙon abin da shi kaɗai ya sani. Suna sallamewa Mannir ya saɓa jaka. Suka koma gamba. Suka koma sabara. Suka zagaya ɗorawa daga nesa. Suka sake komawa gamba.

"Nan mun wuce sau uku," in ji Awaisu. "Ga sawun ƙafarka mai takalmi ɗaya."

"Haka gem ɗin yake. Fili ne fetal, ba taswira, ba mai ce maka saura na gabas ko na yamma. Na ƙarshen nan sai ka yi kwana uku kana zagaye wuri ɗaya."

"Kuma shi kake yabo da safe?"

"Daɗin ke nan."

"Yanzu daɗi kake ji?"

Mannir ya taɓa leɓensa. "Yana zuwa daga baya."

Wayar ta yi ƙara biyu ta mutu, don wasan da kamarar duk masu shan batir ne. Awaisu ya zura ta a aljihu ya ce shi ya sauka daga muƙamin kamara, zai tafi. Yana juyawa Mannir ya ƙwala ihu. A gindin wata tsohuwar kanya, cikin wani gurbi da ciyawa ta riga ta cinye, ga ƙwai ɗaya tilo. Launinsa ya yi duhu, an ja masa layi da gawayi.

"Ka ga har da alama! Na musamman ne. Kullum na ɗarin daban yake."

Awaisu ya matso, ya shaƙa, ya ja da baya taku bakwai. "Ajiye shi a hankali."

"Hassada." Bai sa shi a jaka ba. A aljihun gaba ya sa shi, ya dafe da hannu.

An idar da la'asar, maiunguwa da dattijai suna zaune a gindin dalbejiyar ƙofar gida, labari kuma ya riga su isowa, don matan gona ba su yi ƙasa a gwiwa ba. An fito da Gwaggo Laraba an zaunar da ita a tabarma, ƙafar a miƙe. Sakinatu da matan gida suna leƙe ta zaure. Sai ga Mannir, jan wando ya koma ruwan ƙasa, ido ɗaya, takalmi ɗaya, yana tafe yana ɗaga wa jama'a hannu.

"A ba da fili! A shimfiɗa buhu!"

Ya durƙusa ya dinga zaro ƙwai daga dusa yana jerawa goma-goma. Ko ɗaya bai fashe ba. Mutane suka fara "kai, kai", har wani ya ce ashe dai yaron da abinsa. Mannir ya waiwaya ya nemi wanda ya faɗa don ya maimaita.

Layi na tara ya kusa cika sai Gwaggo ta kira shi.

"Manniru, nawa ka bari a gurbi?"

"Bari? Ko ɓawo, Gwaggo. Na share shi tas, har tonawa na yi."

"Da me ka ɗauka?"

Ya ɗaga yatsunsa goma yana juya su.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Gwaggo. Matan zaure suka amsa baki ɗaya. Wani dattijo ya cire hula ya sake sawa.

"Me ya faru? Ba ku ƙirga ba ne?"

"Ɗana," in ji maiunguwa, "ka kore su ke nan. Gobe ba za su koma wurin ba. Inda za su koma kuwa, sai mai haƙuri ya yi mako yana faƙo kafin ya gano, in ma ba tsallake ƙorama suka yi ba."

Kafin Mannir ya buɗe baki sai ga Baba Baƙo, da ɓallin tukunya a hannu ɗaya, karyayyar masara a ɗayan.

"Ina ɗan akuyan nan marar ubangida?"

"Baba, tukunyar mabuɗi ce..."

"Shekara uku ina lallashin zumar nan ta zauna. Na je gurbin zabbina kuma na tarar kamar an yi shara. Wanne ne nawa a nan?"

Aka dubi buhu. Duk masu ɗigo-ɗigo ne, duk kansu ɗaya.

"Ai na gaya masa," in ji Awaisu daga bayan jama'a, "ya ce ƙwai ba ya da lamba."

"Kamara ba ta magana!"

"Batir ya ƙare, na koma mutum."

Sai ga Lami mai ƙosai ta ratso taro, mayafi a hannu, kaza a hammata tana ƙyarƙyara.

"Wane mai tsautsayin ne ya zura hannu a akurkina? Kwana ashirin da bakwai kazar nan tana kwance a kan ƙwan zabbi, ko ruwa da ƙyar take sha. Gobe-gobe za ta ƙyanƙyashe!"

"Yaya Lami, sababbi ne, da ɗuminsu na..."

"Tsit," in ji wani abu a kan buhu.

Kowa ya sunkuya ya duba. A layi na takwas wani ƙwai ya motsa, ya tsage, ɗan baki ya leƙo. Na kusa da shi ma ya ce tsit. Kazar Lami ta ji, ta fizge daga hammata, ta dira a tsakiyar buhu ta baje fiffike, duk wanda ya miƙo hannu sai sara. Layukan Mannir suka watse, ƙwai na gangarawa ƙarƙashin ƙafafun dattijai, ana ta ɗage riguna.

"Ga naki sun nuna kansu, Lami," in ji Baƙo. "Saura nawa su yi magana."

Mannir ya ga girma na zubewa a gabansa. Ya tuna da abin da ke aljihunsa, ya miƙe ya haye turmin da ke kife a gefe.

"Jama'a, ku saurara! Na ce ɗari ko ban ce ba? Ku faɗi abin da za ku faɗa, amma tun da aka kafa garin nan wa ya taɓa kawo ɗari? Ga na ɗarin!"

Ya zaro shi ya ɗaga sama. Gwaggo ta hango layin gawayin, ta gane hannunta.

"Manniru, kada ka motsa. Baragurbin bara ne, ni na sa masa alama."

Amma ɗan akuya in ya samu na ɗari rawa yake yi, ya juya sau ɗaya, ya yi tsalle ya ɗaga abin sama. Mannir ya juya. Ya yi tsalle. Ya matse hannu don kada ya suɓuce.

Fus!

Abin da ya sauko masa a ka ba ya faɗuwa a gaban manya. Warin ya bugi gindin dalbejiya kamar an buɗe tsohuwar masai. Maiunguwa ya toshe hanci da bakin rawani ya bar takalmansa a wurin. Lami ta suri buhu da kaza da 'ya'ya ta yi gaba. Baƙo, wanda ya sha jeme fata da hannunsa, ya ce bai taɓa jin irin wannan ba. Gwaggo Laraba kuwa, mai kwana goma sha biyu ba ta taka ƙasa ba, sai ganinta aka yi a bakin zaure a tsaye, ta riga Sakinatu shiga.

Mannir na kan turmi shi kaɗai, abu na ɗiga daga gemunsa, ya nuna ta da yatsa.

"Kun gani? Na warkar da ita!"

Daga nesa aka yi shari'ar, kowa hannu a hanci. Ƙwan da ya rage a raba biyu tsakanin Gwaggo da Baƙo. Mannir zai sayo sabuwar tukunya, ya tayar da masarar da ya kwantar, ya kuma yi faƙon zabbi kullum da hantsi har a gano sabon gurbi. Sannan Gwaggo ta miƙo hannu ta bakin zaure.

"Awaisu, kawo amanar."

Awaisu ya miƙa wayar da hannu biyu, har da rusunawa. Gwaggo ta ƙulle ta a bakin zani, ƙulli uku.

"Gwaggo, wace zabuwar ce ta yi ƙorafi? A kawo ta ta faɗa."

"Har Mahuta an ji ƙorafinsu," in ji Awaisu.

Mannir ya sauko daga turmi a hankali. "To shi ke nan, namiji ba ya janye magana. Har a ɗaure dawa na ce. Sati nawa ne ma ya rage?"

Baƙo ya sauke hannu daga hanci don ya ji daɗin amsawa. "Dawar wa? Ta Gwaggonka a makare aka shuka ta, jiya na wuce ko gwiwata ba ta kai ba. Ka ba ta wata huɗu, in ruwa ya yi kirki."

"Biyar," in ji Sakinatu daga ciki. "Sai ta bushe ake ɗaurewa. Ga ruwa da sabulu can a bayan gida, Malam, ta waje za ka zagaya."

Washegari da sassafe masu zuwa gona suka tarar da shi a tsugune cikin dawar Gwaggo, yana auna kara da yatsa yana gyaɗa kai. Suka yi masa barka da aiki, suka tambayi me ake ciki.

"Ku manoman nan ba ku san komai ba," in ji Mannir. "Wata biyar a kan dawa? Akwai dabarar da na gani a Funtua. Ku ba ni kwana arba'in."

Labari bai kai hantsi ba ya iso gida. Gwaggo Laraba ta ajiye ƙoƙon kokonta, ta ce Allah ya tsare, ta aika a kira mata Baƙo da mutum huɗu masu ƙarfi, a kewaye gonar da ƙaya kafin azahar.